Rantsuwa a Kan Ƙuri'ar Hanne

Ranar Talata, goma sha bakwai ga watan Satumba, a makon Mauludi, saura kwana talatin da tara a yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka shimfiɗa tabarma a zauren Malam Maiwada da ke Unguwar Kabo, a ƙasar Ajingi, aka jera katunan zaɓe a kanta. Mutanen gidan da suka isa jefa ƙuri'a su goma sha ɗaya ne: maigidan da matarsa Lami, da 'ya'yansa maza huɗu, da matan uku daga cikinsu, da wani ɗan ƙanensa da ya girma a hannunsa, sai kuma ƙanwarsa Hanne. Katunan da ke kan tabarmar goma ne.

Ɗanladi, wanda ke bin gidaje yana nema wa Alhaji Maikuɗi kujerar kansila, ya ƙirga su sau biyu, sannan ya ɗago kai.

"Goma nake gani, Baba."

"Na Hanne ne babu. Ta tafi karɓar haihuwa. Katin yana ɗaure a bakin zaninta, sai ka ce wani zai sace ya dafa."

"To in rubuta goma?"

"Rubuta goma sha ɗaya. Gidan nan ba a taɓa raba tukunya ba, ba kuma za a fara da raba ƙuri'a ba."

Ɗanladi ya zaro Alƙur'ani daga gafaka. Ya ce Alhaji ya gaji da alkawarin baki, domin an sha yi masa shi a baya, ranar ƙirga kuma a nemi masu alkawarin a rasa. Maiwada yana da alwalar azahar. Ya ɗora hannunsa na dama, ya rantse cewa ranar ashirin da shida ga Oktoba ƙuri'un gidansa goma sha ɗaya duk na Maikuɗi ne. Abin da aka yi masa alkawari shi ne aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ga babban ɗansa Sagiru. Ɗanladi ya tattara katunan goma, ya ce zai dawo musu da su ranar zaɓe da safe, na goma sha ɗayan kuma a aika masa.

Hanne ta dawo bayan la'asar. Shekarunta hamsin da ɗaya, mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, tun daga nan take zaune a ɗakin da ke kusa da rumbu a gidan mahaifinta. Ungozoma ce, kusan rabin yaran Unguwar Kabo ita ta yanke musu cibiya. Ta durƙusa ta gaida yayanta, shi kuma ya miƙa mata hannu.

"Kawo katinki."

"Na me, Yaya?"

Ya gaya mata yadda aka yi. Ta murza bakin zaninta.

"Da wace ƙuri'a ka rantse, Yaya? Da taka, ko da tawa?"

"Da ta gidana."

"Ni ban ce ba zan zaɓe shi ba. Na ce ban san shi ba. Ko kaza zan saya sai na ɗaga ta na ji nauyinta. Ka ba ni kwanaki in tambaya."

"Ki tambayi wa? Ke ce alƙali?"

"Waɗanda suka zauna da shi."

Maiwada ya yi dariya, ya ce ta je ta tambaya har ta gaji. A zatonsa taurin kai ne na kwana biyu.

Ya kamata a tuna cewa matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a shekarar 1976, shekara goma sha shida bayan samun mulkin kai. Mahaifiyar Hanne ta yi zaɓe sau da dama kafin ta rasu, amma ba ta taɓa sanin sunan wanda ta zaɓa ba: ana nuna mata alama a zaure, ta je ta dangwala ta dawo. Hanne ma haka ta yi shekara da shekaru. Abin da ya sauya ta ba karatu ba ne. Wani kwari ne da ke yanke hanyar ƙauyen duk watan Agusta, inda ta sha tsayawa da mai naƙuda a kan amalanke, suna jiran ruwa ya janye.

A jikin fostar Maikuɗi akwai hoton rijiyar burtsatse da tankinta, an rubuta cewa shi ya gina wa al'ummar Balan, inda yake da lambu. Ranar Asabar Hanne ta hau ɗan acaɓa ta tafi Balan, ta sauka gidan Zulfa, wata 'yar Unguwar Kabo da aka yi wa aure a can. Ta warware fostar da ta ɓamɓaro daga bango ta nuna mata.

Zulfa ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafa ƙirji.

"Gwaggo, ba ki gane ni ba? Ga ni nan a gefe da jarka. Ranar aka yi min hoto, ranar kuma na sha ruwan."

Ta ja ta suka je. Tankin yana nan, sabo, yana sheƙi, amma a cikin lambu yake, an kewaye shi da waya, an sa kwaɗo a ƙofa. Ruwa na malala a gindin gwaiba da tumatir. A waje akwai famfo guda, Hanne ta murɗa shi, ko ɗigo bai zo ba. Zulfa ta ce kwana uku aka sake shi lokacin ɗaukar hoto, daga nan aka toshe bututun.

"Kun tambaye shi dalili?"

"An tambaya. Ya ce yara na ɓata masa shuka. Mutumin ba shi da faɗa, Gwaggo, yana da fara'a, in kika gaishe shi har goro zai ba ki. Ruwan ne dai babu."

Hanne ba ta tsaya kan maganar mutum ɗaya ba. Ta tambayi mai gadin lambun, ta tambayi wasu mata biyu da ta tarar a tsohuwar rijiya suna jan guga. Duk magana ɗaya ce.

Ranar Laraba ta nemi labarin ɗaya ɗan takarar, Muhammad Auwal, tsohon malamin firamare. Abin da ta ji a kansa bai yi mata daɗi duka ba. An ce yana da zafin rai, ba ya iya gaisuwa mai tsawo, ya taɓa ɗaga wa mai unguwa murya a bainar jama'a. An kuma ce lokacin da iska ta yaye rufin aji biyu, sau bakwai ya je sakatariya har aka kawo kwano. Ta je makarantar da kanta ta ɗaga kai ta ga rufin. Sannan ta same shi a ƙofar gidansa yana gyaran keke, ta tambaye shi batun kwarin.

"Kansila ba ya gina kwalbati, Gwaggo," in ji shi, bai ko daina abin da yake yi ba. "Duk wanda ya ce miki zai gina, ƙarya yake. Abin da zan iya shi ne in dame su har su gaji da ganina."

Ta dawo gida ba ta yi murna ba, amma ta yanke shawara. Ta sami yayanta a zaure ta faɗa masa duk abin da ta gani, ba ta ɓoye aibin kowa ba. Maiwada ya saurara har ƙarshe.

"Kin gama? To kawo katin."

"Yaya, ba ka ji abin da na ce ba ne?"

"Na ji. Ruwan Balan ba shi zai ba ɗana aiki ba. Na dafa Alƙur'ani, Hanne. So kike in zama mai karya rantsuwa da furfurata?"

"Ba ni na sa ka dafa ba."

Ranar Lahadi aka yi suna a maƙwabta. Wata tsohuwa ta tambaye ta a gaban mata ko gaskiya ne ta je Balan, Hanne kuwa ba ta iya ƙarya ba, ta faɗi abin da ta gani. Kafin magariba magana ta isa kunnen Ɗanladi. Ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar zaure, bai ko cire takalmi ba.

"Baba, ni ɗan aike ne. Gidaje ashirin da uku suka rantse. In naka ya tsage, gobe kowa zai ce shi ma yana da ƙanwa. Takardar Sagiru tana kan teburin Alhaji, kada a sa ta koma ƙasa."

Washegari Litinin, saura kwana ashirin da shida, Maiwada ya buɗe rumbu ya auna wa Lami hatsin rana kamar kullum, sai dai ya rage na mutum ɗaya. Da aka raba tuwon dare, kwanon Hanne bai zo ba. Ta jira har aka fara wanke-wanke, sannan ta leƙa madafa.

"Matar Yaya, an manta da ni ne?"

Lami ba ta dube ta ba. Tana kankare tukunya da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

"Abin da aka auna min shi nake tuƙawa. Ni ba ni da rumbu." Sai ta rage murya. "Ke ma dai, Hanne. Ki ba shi katin mana, ki ce kin yarda. In kin je can ki dangwala inda kike so, wa zai sani?"

"A rumfarmu? Tebur ne a gindin bishiya, Ɗanladi a tsaye a kai kamar mai jiran awo. Ko da ba zai gani ba, kina so in bar Yaya da karyayyar rantsuwa bai sani ba?"

"To ai sai ki ci gaskiyarki ki ƙoshi."

Hanne ta haɗa duwatsu uku a ƙofar ɗakinta ta fara dafa ɗan abin da take da shi. Ba shi da yawa. Abincin ungozoma daga gidajen haihuwa yake zuwa, hatsi da nama da sabulu, ga shi kuma an fara daina kiranta. Ɗanladi ya bi gidajen da suka rantse yana cewa matar da ke kwashe maganar lambun mutum ta kai gidan suna, maganar ɗakin haihuwa ma za ta kwashe. A cikin mako biyu an haihu sau uku a Unguwar Kabo, ba a aiko mata ko sau ɗaya ba.

Ba ta iya zama wuri ɗaya. Da safe ta share ɗakin, ta fita zaure ta dawo, ta zagaya bayan rumbu, ta sake share ɗakin. In ta ji sallama a ƙofar gida sai ta miƙe ta ɗauki ƙullin kayan aikinta, sai ta ji ashe mai sayar da manja ne. Yaran gidan da suka saba kwana a tabarmarta aka hana su shiga. Kullum da hantsi Maiwada yakan tsaya a bakin ƙofarta ya yi tambaya ɗaya.

"Kin shirya?"

"Ina kwana, Yaya."

Sai ya wuce.

Abin da ta dogara da shi gyaɗarta ce. Gonar gidan gandu ce, ana noma ta tare a ƙarƙashin maigida, ba a raba ta ba tun rasuwar mahaifinsu a 1998, ko da yake Hanne tana da rabonta na gado a ciki. Abin da aka ba ta shi ne gayauna, ɗan yanki a gefen gonar, wanda duk abin da ya fito a ciki nata ne. Bana gyaɗa ta shuka, ta yi noma biyu da hannunta. Ranar Talata, takwas ga Oktoba, ta fita da sassafe don ta fara cirewa, sai ta tarar Sagiru da ƙannensa sun riga ta. Sun tuge fiye da rabi, suna lodawa a amalanke.

"Sagiru, wa ya sa ku?"

Ya sunkuyar da kai. Ita ta yanke masa cibiya shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

"Baba ne ya ce a kai gida a haɗa da ta gandu. Ya ce ƙasar ta gandu ce, aro aka ba ki."

"Irin ma aro ne? Gumin ma aro ne?"

"Gwaggo, don Allah ki duba ni. Shekara shida ke nan da na gama karatun malanta, takardar tana cikin akwati, ɓera ya fara cin gefenta. Matata ga ciki wata tara. Kati ne fa kawai. Ƙuri'arki ɗaya ba za ta kayar da Alhaji ba, ba kuma za ta ɗora malamin nan ba. Ni kaɗai za ta kayar."

Hanne ta dube shi. Maganar ta shige ta, domin ta san akwai gaskiya a cikinta.

"In ɗaya ba ta da amfani, me ya sa aka hana ni tuwo a kanta?"

Ya daka wa shanun tsawa, amalanken ya tafi. Ta bi kunyoyin tana tono ƙwayoyin da suka maƙale a ƙasa, har azahar ba ta cika ƙwarya ba. A hanyar dawowa jiri ya ɗebe ta, ta zauna a gindin wata kuka har ya sake ta.

Ranar Talata ta gaba, saura kwana goma sha ɗaya, naƙuda ta kama Ummu Salma, matar Sagiru, da misalin ƙarfe goma na safe. Ɗakinta yana kallon na Hanne, taku goma sha biyu ne tsakani. Hanne ta wanke hannu ta ɗauko kayanta, sai ta tarar da Lami a bakin ƙofa.

"An aika garin Toranke a ɗauko wata ungozomar."

"Toranke? Ga ni a tsaye?"

"Malam ya ce wanda ba ya cikin gida a zaɓe, ba ya cikinsa a haihuwa. Ni dai saƙo na isar."

Daga ciki Ummu Salma tana kiran Gwaggo. Hanne ta tsaya a tsakar gida, rana na dukanta, tana jin kowane nishi, tana sanin me ake ciki da abin da ya kamata a yi. Ta kasa komawa ɗaki, ta kasa matsawa gaba. Ta riƙa faɗa wa Lami ta bayan labule: a ɗaga mata kai, kada a bari ta yi yunƙuri tukuna. Lami tana bin abin da ta ce, ba ta amsa mata. Sai bayan awa biyu matar Toranke ta iso, ta tarar kai ya riga ya fito. Aka sami 'ya mace lafiya. Ba a miƙo wa Hanne ita ba.

Ranar Alhamis ta je wurin limamin ƙauyen bayan sallar azahar, ta durƙusa daga nesa.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Mutum ne ya rantse a kan abin da wani zai yi, wanin kuma bai yi ba. Zunubin na wa ne?"

Liman ya san maganar, kamar yadda duk garin ya sani. Ya gyara zama.

"Wanda aka rantse a kansa ba shi da laifi, in abin haƙƙinsa ne. Mai rantsuwar zai yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma, kowanne mudun Annabi ɗaya na abin da gidansa ke ci, ko ya tufatar da su. In ba shi da hali, ya yi azumin kwana uku."

"Mudu goma ke nan?"

"Na Annabi. Duka bai kai kwano uku na kasuwa ba."

"To Malam, ko za ka gaya masa?"

Liman ya duba carbinsa. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin wa da ƙanwa, kuma bana lokaci ne na siyasa, duk abin da ya faɗa za a ce ya ɗauki ɓangare. In Maiwada ya zo da ƙafarsa ya tambaya, zai ba shi amsa.

Hanne ta dawo da sauri kamar wadda ta tsinci abin da ya ɓata. Ta sami yayanta yana gyaran igiyar shanu.

"Yaya, an sami mafita. Kaffara ce, kwano uku bai cika ba. Ka ɗiba daga gyaɗata a musanya da gero, na yafe. Ni zan surfa, ni zan kai."

Maiwada bai ɗago ba.

"Kina tsammani ban sani ba?"

Ta tsaya.

"Na yi karatun Iziyya kafin a haife ki. Na san kaffara. Amma in na yi ta, gari ya san Maiwada ya kasa da ƙanwarsa. Da wane ido zan dubi Ɗanladi? Da wane baki zan yi magana a ƙofar masallaci?"

"Ashe ba rantsuwar ba ce."

"Ki kiyayi bakinki."

"Kwana goma sha takwas ina tsammanin tsoron Allah ne ya hana ni tuwo, har ina tausayinka."

Ya jefar da igiyar ya shiga gida. Ranar suna aka yanka rago, aka raba nama har maƙwabta, ba a kai ko tsoka ɗaya ɗakin da ke kusa da rumbu ba.

Ranar Juma'a, jajibirin zaɓe, bayan an sauko daga masallaci, Maiwada ya tara 'ya'yansa a zaure ya sa aka kira ta. Zaninta ya yi mata yawa, sai da ta naɗa shi sau biyu.

"Magana ɗaya ce, a gaban shaidu. Gobe ko ki shiga mota tare da mu ki yi abin da gida ya yi, ko ki zauna a ɗakinki kada ki fita. Na rage miki, ban ce dole ki zaɓe shi ba. In kuwa kika fita kika dangwala wa wani a gaban mutane, kada ki dawo ta zauren nan."

"Zauren Baba ne, Yaya."

"Baba ya rasu."

Sagiru ya matso ya durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, ki zauna kawai. Ki ce ba ki da lafiya. Ai ba ƙarya ba ne, dubi yadda kika koma."

Ta dafa kansa, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Sannan ta tashi ta koma ɗaki.

Ranar Asabar da safe Ɗanladi ya zo da a-kori-kura, ya raba katuna goma, aka kwashi mutanen gidan har da mai jego. Hanne ta jira ƙarar motar ta ɓace. Ta zauna, ta tashi, ta je bakin zaure ta dawo. Sau uku tana ɗaura mayafi tana kwancewa. Da rana ta fara zafi ta ɗaura na huɗu, ta fita da ƙafa.

Rumfar zaɓen tana harabar makarantar firamare, tebur ɗaya a gindin darbejiya, ba labule, ba shamaki. Layin mata ya yi tsit da ta iso. Ta tsaya a ƙarshe, ba wadda ta yi mata magana. Da aka zo kanta ta kwance bakin zaninta ta miƙa katin, aka ba ta takarda. Ɗanladi yana tsaye taku biyu daga teburin.

"Gwaggo, a yi a hankali, kada tawada ta ɓata takarda."

"Matsa, kana tare min haske."

Ta nemi alamar da ta haddace, ta dangwala, ta ninke takardar ta jefa. Maiwada yana can gefe cikin maza, ya ga komai.

Da yamma aka ƙirga a gaban jama'a. Maikuɗi ya sami ɗari da sittin da uku, Muhammad Auwal ya sami ashirin da biyu. Hanne ba ta tsaya jin ƙirgar ba. Ko da ta isa gida ta tarar da akwatinta da tabarmarta da kwanukanta a ƙofar zaure daga waje, an fara jera damman gero a ɗakinta. Lami ta leƙo ta ce ita ba ta da ta cewa. Sagiru ya ce shi umarni ya bi, ya kuma nemo mata ɗan acaɓa. Ta tafi Kademi wurin 'yarta Hajara, gidan suruki, inda a al'ada uwa ba ta kwana biyu sai da dalili mai ƙarfi.

A wannan al'amari babu wanda ya ce shi ya aikata. Lami abin da aka auna mata ta tuƙa. Sagiru aike aka yi shi. Ɗanladi saƙo ya kawo. Liman ba a tambaye shi ba. Maiwada kuwa rantsuwa ce ta ɗaure shi. Matar da suka taru a kanta ba ta zagi kowa ba, ba ta yi wa kowa yaƙin neman zaɓe ba, ba ta ma ce wanda ta zaɓa mutumin kirki ne ba. Ta je ta murɗa famfo ta ga ba ruwa, ta ɗaga kai ta ga rufi, ta sa yatsanta inda idonta ya gani. A gidan mahaifinta, wannan ya isa a hana ta abinci kwana ashirin da shida.

Ranar Litinin, ashirin da takwas ga Oktoba, bayan sallar asuba, Maiwada ya buɗe rumbu ya auna mudu goma na gero, ya ba Sagiru ya kai wa Liman a raba wa mabuƙata. Awon bai ɗauke shi minti goma ba. Hanne tana Kademi har yau, ba a aika a dawo da ita ba.